Dunƙulen Zare

Oona ce ta kawo ta, cikin rigar matashin kai,
an ɗaure bakin da igiyar takalmi.
A wani ɗaki aka tsince ta, hawa na huɗu, nan Tampere:
ɗan haya ya kwashe kayansa, ya manta da mai rai.
Kwana goma sha tara ba ɗumi, ba ruwa,
taga tana shan iskar Janairu.

Na ce, "Ni Veikko, saba'in da ɗaya a duniya,
ko kyanwa ban taɓa riƙewa ba."
Ta ce, "Ba gwani take nema ba. Mai haƙuri."

Da na kwance igiyar ban ga mesa ba,
dunƙule na gani, an cusa kai a tsakiya,
kamar zaren ulun da Sirkka ta bari a kwando
da rabin safa, shekarar da ta riga ni tafiya.
Nan take sunan ya faɗo: Kerä.
A bakinmu, dunƙulen zare ke nan.

A bayan ambulan Oona ta rubuta min dokoki.
Gefe guda na akwatin ɗumi, talatin da ɗaya,
ɗayan ashirin da shida, ta zaɓa da kanta.
Kada ka yarda da tafin hannunka, yarda da ma'auni.
Maɓoya biyu, matsattsu,
don a wurinta fili ba daɗi ba ne, tsoro ne.
Shimfiɗa farar takarda tukuna,
ko da ƙananan baƙaƙen ƙwari, ka gan su.
Murfi da sakata.
Sai ta ja layi biyu a ƙarƙashin na ƙarshe:
Mako guda kada ka taɓa ta.

Wannan ce ta fi wuya.
Hannun da ya shekara arba'in a masana'antar takarda
bai iya zaman banza ba.
Na canja ruwa, na koma kujera.
Na duba ma'aunin laima, sittin, na koma kujera.
A waje tafki ya daskare har yara na tafiya a kai,
a ciki ina gadin ɗan damina a akwatin gilashi.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura.
To wadda mutum ya sara fa?
Akwai tabon ƙuna a cikinta, tsawon yatsana,
wani ya ba ta zafi ba tare da linzami ba.
Likita ya shafa magani, ya saurari numfashinta,
ya ce ba shaƙewa, ba kumfa a baki, mu gode.

Ranar takwas na narkar da ɓera a ruwan ɗumi,
na miƙa da dogon hantsaki, hannuna na rawa.
Ta fito da harshe sau biyu, ta juya baya.
Mako na gaba, haka.
Na buga wa Oona da tsakar dare.
Ta yi dariya cikin barci:
"Auna ta duk Lahadi. In nauyi bai faɗi ba, kwanta.
Ai baƙo ba ya sakin jiki da akushi ranar da ya sauka."

Sai idanunta suka yi shuɗi-shuɗi kamar madara a ruwa.
Na ɗauka makanta ce, ashe saɓa ce ke tafe.
Na jiƙa gansakuka na sa mata a maɓoya.
Da safe ga tsohuwar riga, ɗungum, har da murfin ido,
an tuɓe ta a baibai
yadda Sirkka ke tuɓe safa.

A daren ta ci.
Ban yi guɗa ba, na kashe fitila kawai,
na ba ta kwana biyu ita da cikinta.

Jiya na ajiye hannu a ƙasan akwatin, ban kai gare ta ba.
Shayina ya huce. Motar kwashe ƙanƙara ta wuce sau biyu.
Can sai zaren ya fara warwarewa da kansa,
ya hau wuyan hannuna, sanyi-sanyi, da nauyi,
ya tsaya daidai inda jijiya ke bugawa.